Ta yaya haske yake raba abin da gam ya riƙe?

Baban Khalifa:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa mazauna wannan zaure. Sana'ata gyaran waya ce a Kano, kuma akwai abin da ya daɗe yana ɗaure mini kai wanda nake roƙon masana su warware mana. Idan za mu manna sabon gilashi a fuskar waya da gam mai ruwa, fitilar UV, wato hasken da ya wuce shuɗi wanda ido ba ya gani, muke haska masa har ya daskare ya kama. To amma wani abokin sana'a da ya je sayen kaya China ya gaya mana cewa a masana'antun da ake yin cif ɗin da ke cikin wayoyi, da irin wannan hasken ake sa gam ya saki. Ga kuma injin leza da 'yan kasuwa suke tallata mana domin cire gilashin bayan iPhone, wanda kuɗinsa ba kaɗan ba ne. Ta yaya haske ɗaya zai zama shi ne mai ɗaurewa kuma shi ne mai kwancewa? Idan kuma na sayi injin, shin kowane gam zai ɓamɓare mini, har da Araldite da sufa gulu, ko kuwa iyakar aikinsa gilashin baya?

Malamin Kimiyya:
Wa alaikumus salam, Baban Khalifa. Abokinka gaskiya ya faɗa, kuma abin da zai ba ka mamaki shi ne aiki ɗaya hasken yake yi a wuraren biyu. Gam ɗinka na ruwa yana ɗauke da ƙananan ƙwayoyin sinadarin akirilik da wani ɗan sinadari da haske yake tayarwa. Da zarar hasken UV mai tsawon zango wajen nanomita 365 (da tsawon zango ake bambanta nau'in haske, nanomita kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita) ya same shi, sai ƙwayoyin su sarƙe da juna su zama abu mai tauri. Da yake ruwan ya riga ya malala ya cike kowane ɗan lungu na gilasan biyu kafin ya taurara, sai ya riƙe su.

Tef ɗin da ake amfani da shi a masana'antar cif kuwa riƙonsa daga laushinsa yake. Danƙo ne mai taushi wanda yake lafewa a jikin abu idan an danna shi, idan kuma an ja shi sai ya miƙe ya shanye ƙarfin jan, shi ya sa yake wuyar ɗayewa. Masu yin sa, irin su kamfanonin Lintec da Nitto Denko da Furukawa Electric na Japan, suna cakuɗa wancan sinadarin mai jin haske a cikin danƙon tun daga farko. Idan aka haska UV ta bayan tef ɗin, danƙon zai sarƙe ya taurara, ya ɗan tsuke, sai ya daina miƙewa, riƙonsa kuma ya faɗi zuwa ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na yadda yake a da. Ka duba ƙaro: yana ɗanye yana kama yatsa, idan ya bushe ya ƙandare sai ka juya shi a tafin hannu bai kama komai ba.

Saboda haka amsar tambayarka ta biyu ita ce a'a. Hasken bai san gam ba, sinadarin da aka zuba a ciki ne yake amsa masa. Araldite da sufa gulu ba a yi su da wannan niyya ba, ko ka kwana kana haska musu fitilarka ba za su saki ba.

Baƙon Penang:
Malam ya yi bayani mai gamsarwa, zan ƙara da abin da nake gani da idona, domin a masana'antar haɗa cif nake aiki a Maleshiya. Faifan silikon mai faɗin milimita 300 yana zuwa da kaurin maikiromita 775, wato ƙasa da milimita ɗaya kaɗan. Ana manna shi a kan tef ɗin da aka ɗame a jikin zoben ƙarfe, sannan zarto mai lu'ulu'u ya yanka shi gunduwa-gunduwa ana kwarara masa ruwa. A wannan lokacin ana son tef ɗin ya riƙe da iyakar ƙarfinsa, in ba haka ba ƙananan cif ɗin za su yi tsalle su bi ruwa. Bayan an gama sai a shigar da zoben injin UV na 'yan daƙiƙoƙi, daga nan allura ta turo kowane cif daga ƙasa, bakin tsotsa ya ɗauke shi daga sama ba tare da ya karye ba.

Akwai abubuwa biyu da sai wanda yake wurin zai lura da su. Tef ɗin a baƙar leda yake zuwa, kuma ba a barinsa inda hasken rana yake shiga, domin zai rasa riƙonsa kafin a yi aiki da shi. Na biyu, iskar oksijin tana hana danƙon taurara, don haka duk inda ya taɓa iska, musamman bakin faifan, yakan zauna da danƙonsa ya bar datti. Shi ya sa injin yake busa iskar naitirojin a ciki yayin da fitila take ci.

Wannan shi ne mai sauƙin. Mai wuyar shi ne idan za a goge faifan har ya koma maikiromita 50 ko ƙasa da haka, wato bai kai kaurin gashin kai na yawancin mutane ba. A wannan sirantar ba ya iya tsayuwa da kansa, sai an manna shi a kan faifan gilashi mai kauri kafin a goge. A tsarin kamfanin 3M, ana shafa wa gilashin wani baƙin shafi siriri mai ɗauke da garin kabon kafin a sa gam. Idan aiki ya ƙare sai leza mai nanomita 1064 ta bi ta cikin gilashin, baƙin shafin ya shanye hasken ya ruɓe, gilashin ya ɗago a hankali, sannan a ɗaye gam ɗin daga jikin silikon. Ku lura cewa lezar ba ta taɓa gam ɗin ba ma, an dai ajiye mata abin da za ta ci a daidai inda ake son rabuwar ta auku.

Usta na Gareji:
Ni ban yi boko mai zurfi ba, aikin bodin mota na gada, amma ina da ja a kan wannan magana. A ganina duk wannan zance na haske zafi ne aka sake wa suna. Mu ma idan sitika ta ƙi fita daga jikin mota bulowa muke sa mata ta yi laushi, kuma masu gyaran waya suna ɗora sikirin a kan faranti mai zafi su bi shi da siririyar waya. Leza ƙona abu take yi, bulowa ma zafi take bayarwa. Me zai sa yaro ya zuba jarinsa a injin da aikinsa bai wuce na bulowar da yake da ita ba?

Malamin Kimiyya:
Ranka ya daɗe Usta, rabin maganarka na karɓa, rabin kuma zan yi maka musu da hujja. Haske yana zuwa ne a ɗan ƙunshi-ƙunshi, kuma ƙarfin kowane ƙunshi ya danganta da tsawon zangonsa: iya gajartar zango iya ƙarfin ƙunshi. A ma'aunin da ake kira eV, ƙunshin haske mai nanomita 1064 bai wuce 1.2 ba, na 365 yana da kusan 3.4, na 308 kusan 4, na 248 kuwa 5. Ɗaurin da ke tsakanin ƙwayar kabon da 'yar'uwarta, wanda shi ne ƙashin bayan yawancin gam, yana buƙatar kusan 3.6 kafin ya tsinke. Don haka leza mai 1064 ba ta da ƙarfin tsinka shi kai tsaye, dole sai ta hanyar zafi, kuma a nan ka yi daidai. Amma tef ɗin da Baƙon Penang ya kwatanta ba ya ko ɗumi sosai lokacin da yake saki, sauyin na sinadari ne zalla.

Ko a inda zafi ne ma, bambancin yana ga wuri da lokaci. Bulowa tana dumama komai daga waje zuwa ciki, sai fenti da roba da batir sun sha zafi kafin ya isa ga gam. Leza kuwa tana ratsa abin da yake garau a gare ta ba tare da ta dumama shi ba, ta sauke ƙarfinta a shafi ɗaya siriri cikin lokacin da bai kai kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa ba, kafin zafin ya samu damar yaɗuwa. Misalin da na fi so shi ne na fitilun LED masu shuɗin haske. Ana shimfiɗa sinadarin galiyam naitarayid a kan dutsen safaya, daga baya a so a raba su. Hasken leza mai nanomita 248 yana wucewa ta cikin safaya, amma galiyam naitarayid yana shanye shi nan take. Ɗan siririn shafin da ke manne da dutsen yana haura digiri 800, ya rabu gida biyu: iskar naitirojin da ƙarfen galiyam. Shi kuwa galiyam yana narkewa a wajen digiri 30, don haka ɗan ɗumi kaɗan ya isa a zare dutsen. Masu bincike a Munich da Berkeley ne suka nuna wannan dabara a ƙarshen shekarun 1990. Babu bulowar da za ta kai shafi ɗaya digiri 800 ta bar na kusa da shi lafiya.

Baƙon Penang:
Sikirin ɗin OLED mai lanƙwasa da Baban Khalifa yake canzawa a shagonsa ma ta wannan hanya aka haife shi. A kan gilashi ake gina shi bisa siririyar ledar foliyimayid, sannan a share bayan gilashin da layin leza mai nanomita 308 har ledar ta saki. An zaɓi 308 ne saboda gilashin yana barin sa ya wuce, alhali mafi yawan mai 248 a cikin gilashin yake maƙalewa. Zaɓen zangon haske a wannan aiki ya ta'allaƙa ne ga abu biyu: me zai bar shi ya wuce, me kuma zai tsare shi.

Baban Khalifa:
Na gode ƙwarai, kaina ya fara wayewa. Ke nan injin da ake tallata mana na zafi ne, kuma baƙin fentin da ke cikin gilashin baya shi ne yake shanye hasken? Na taɓa tsayawa na kalli wani yana aiki da shi. Ya kwantar da wayar a kife, ya zaɓi taswirar samfurinta a kwamfuta, sai wani ɗigon haske ya riƙa kai da komo yana barin gilashin garau a bayansa, hayaƙi mai wari yana tashi. Bayan ya gama bai samu gilashin ya ɗago gaba ɗaya ba, sai da ya farfasa shi ya riƙa ɓamɓarar gutsattsarin da ƙarfe. Ina kuma tambaya, akwai maƙwabcina mai injin leza na sassaƙa allunan karramawa da yankan roba, ko nasa zai yi wannan aikin?

Baƙon Penang:
Haka ne, lezar faiba ce mai zango wajen nanomita 1064, kuma fentin da saman gam ɗin take ƙonewa. Dalilin da ya sa sai an yi ɓamɓara shi ne ba a tsara wayar domin a raba ta da haske ba. Tun daga iPhone 8 na shekarar 2017 aka koma bayan gilashi da gam mai taurin gaske, masu gyara ne suka gano cewa fentin zai iya zama abincin leza. Taswirar da ka gani tana da muhimmanci fiye da injin kansa, domin ita ce take hana hasken bi ta kan ramukan da ke jikin farantin ƙarfen ciki, inda zai iya samun wayoyin lantarki ko batir ko naɗin cajin da ba ya buƙatar igiya. Taswirar da ta goce kaɗan tana iya kashe waya mai rai.

Na maƙwabcinka kuwa, idan irin na yankan roba da katako ne, lezar iskar kabon dayokzayid ce mai nanomita 10,600. Gilashi ba garau yake ga wannan zangon ba, a samansa hasken zai tsaya ya tsatstsage shi, gam ɗin yana ƙasa bai ji komai ba. Kafin ka sayi naka kuma, ka lissafa cewa daga iPhone 14 na 2022 Apple ya fara sauya ginin wasu samfuran yadda bayan yake fita shi kaɗai. Kasuwar injin tana ga tsofaffin samfura, kai ka fi ni sanin yawan waɗanda suke shigowa shagonka.

Maman Iman:
Ina aiki a sashen kula da ido, kuma abin da ya sa na sa baki shi ne Baban Khalifa ya ce ya tsaya ya kalla. Don Allah kada ka sake yin haka sai da tabarau na musamman. Ɗigon hasken da ka gani walƙiyar fentin da ke ƙonewa ce ko jan hasken saiti, ita lezar mai 1064 ido ba ya ganinta, saboda haka ba zai ƙifta ba balle ya kauce. Duk hasken da zangonsa yake tsakanin nanomita 400 da 1400 yana ratsa ƙwayar ido, ita kuma ta tattara shi a kan tantanin gani na bayan ido, inda ƙarfinsa yake ninkuwa har wajen sau 100,000. Bayan waya gilashi ne da ƙarfe mai sheƙi, abu ne mai sauƙi hasken ya dawo ya sami fuska. Ƙunar tantanin gani ba ta da zafi sosai a lokacin, amma tabon da take bari a tsakiyar gani ba ya gogewa.

Irin waɗannan injina a aji na 4 suke, wanda shi ne mafi haɗari a jerin azuzuwan leza. Gilashin masu walda ba domin wannan aka yi shi ba, baƙin tabarau na rana kuma ya fi rashin sa muni, domin yana sa ƙofar ido ta ƙara buɗewa. Tabarau na gaskiya ana rubuta zangon da yake tarewa da lambar ƙarfin tarewar a jikinsa. Wanda ya fi duka shi ne injin mai rufaffen akwati wanda yake mutuwa da an buɗe ƙofarsa, tare da bututun da yake fitar da hayaƙin waje. A shagunanmu na kasuwa inda mutum biyar suke zaune a ɗaki ɗaya, yara masu koyon aiki su ne suka fi kusantar da fuska.

Ɗalibin Samaru:
Malamaina, duk misalan da aka kawo sai da gilashi ko wani abu garau a gefe ɗaya. Yaya za a yi idan ƙarfe ne aka manna da ƙarfe? Mun karanta cewa hasken gama, wato hasken nukiliya mai tsananin ƙarfi da sinadarin kobalt 60 yake fitarwa, yana ratsa ƙarfe, kuma yana tsinka sarƙar wasu robobi. Me zai hana a yi amfani da shi, tunda muna da cibiyar haska gama a Sheda kusa da Abuja?

Malamin Kimiyya:
Tambayarka tana da kyau, ɗalibi, kuma ka gano iyakar wannan fasaha da kanka. Amma gama ba ita ce mafita ba, kuma ratsawar da ka ɗauka alherinta ita ce aibinta. Abin da muke nema shi ne hasken da zai tsaya a wuri ɗaya, ita kuwa gama ba ta zaɓe, tana taɓa gam da roba da lantarki baki ɗaya. Gaskiya ne tana tsinka sarƙar wasu, kamar Teflon da robar butil, amma wasu ƙara sarƙe su take yi, kamar foliyetilin. Gam ɗin ifoksi, dangin Araldite, yana daga cikin mafi juriya gare ta, shi ya sa ake amfani da shi a naɗin maganaɗisun injinan binciken nukiliya. Ka kwatanta alƙaluman a ma'aunin giray, wanda ake auna yawan irin wannan haske da abu ya sha: giray 4 zuwa 5 a jiki duka suna iya kashe mutum, ana kashe ƙwayoyin cuta a kayan asibiti da giray 25,000, amma ifoksi mai kyau yana shan miliyoyin giray kafin ya raunana. Kafin gam ya saki, abin da kake son ceto ya riga ya lalace. Ga shi kuma mallakar irin wannan tushe sai da lasisin hukumar NNRA mai kula da harkokin nukiliya a Najeriya, ba abin da za a kai masana'antar warware kaya ba ne.

Usta na Gareji:
To a nan kuwa mu masu gareji muna da abin faɗa. Gilashin gaban mota da baƙin gam na foliyuriten ake manna shi a jikin ƙarfe, kuma yadda muka saba shi ne mutum biyu su ja waya mai kaifi, ɗaya a ciki ɗaya a waje, gilashin kuma yakan tsage a kwana. Akwai na'urar da take dumama ƙarfe da maganaɗisu, wadda ake bin gefen gilashin da kanta daga waje. Gilashin ba ya zafi, ƙarfen da ke ƙarƙashinsa ne yake ɗauka, sai gam ɗin ya saki daga ɓangaren ƙarfe, ana sa ɗan katako ana ɗagawa a hankali. Na ga an cire gilashi lafiyayye daga motar da ta yi haɗari ta wannan hanya. Sai dai idan hannu ya tsaya wuri ɗaya fenti yana ƙonewa, hayaƙin kuma yana shaƙe ƙirji, kuma a bodin alminiyam ba ta cika yin aiki ba. Har yanzu dai ina kan bakana cewa zafi ne uban tafiyar, amma na yarda cewa inda ya sauka shi ne abin lura.

Malamin Kimiyya:
Hayaƙin da Usta ya ambata ba na wasa ba ne, foliyuriten idan ya yi zafi sosai yana fitar da sinadaran aisosayanet masu jawo asma, kuma mai na'urar daidaita bugun zuciya a ƙirji bai kamata ya kusanci wannan injin ba. Dabarar dumamawa da maganaɗisu kuma ita ce ake ƙoƙarin shigarwa cikin gam ɗin kansa, inda ake zuba masa garin ƙarfe mai laushin gaske domin maganaɗisu ya dumama layin gam kaɗai, ko a haɗa da ƙananan ƙwayoyi masu kumbura idan sun ji zafi, irin waɗanda suke cikin tef ɗin Revalpha na Nitto.

Ɗan Maraɗi:
Barkanmu da wannan zama. Ni mai haɗa sola ne a Nijar, kuma ina da damuwar da ban ji an taɓo ba. Rana tana ɗauke da UV, kuma cikin motar da aka ajiye a rana a watan Afrilu yana wuce digiri 60. Idan masana'antu suka rungumi gam mai saki da haske ko da ɗumi domin a ji daɗin gyara, ashe ba mu mazauna Sahel ne kayanmu za su fara warwarewa a hannunmu ba? Ni na fi son gam da ba ya saki ko kaɗan a kan wanda zai saki ranar da ban nema ba.

Malamin Kimiyya:
Ɗan'uwa, ka taɓo ainihin abin da ya hana wannan fasaha fita daga masana'anta zuwa kayan yau da kullum. Tef ɗin cif yana aiki ne domin rayuwarsa ta sa'o'i ce a ɗakin da aka tsare haskensa. Masu bincike a cibiyar AIST ta Japan sun nuna a 2012 wani gam mai sinadarin azobenzin wanda yake zama ruwa da hasken UV, ya koma daskararre da koren haske, a maimaita sau da dama. Abin sha'awa ne a ɗakin gwaji, amma ƙarfinsa bai kusanci na ifoksi ba, kuma babu wanda zai riƙe gilashin mota da shi a Agadas. Mafita ita ce a zaɓi abin tayarwa wanda ba ya aukuwa da kansa a rayuwar kayan. Hasken rana ba ya kawo nanomita 248 ƙasa, domin iskar ozon ta tare shi, ba ya kuma taruwa da ƙarfin leza. Maganaɗisu mai jujjuyawa da sauri ba ya faɗowa mutum a hanya. Apple ma wannan tunanin ya bi a batirin iPhone 16 na 2024, inda ya kauce wa haske da zafi gaba ɗaya: ana jona batir mai bolt 9 na kimanin daƙiƙa 90, gam ɗin ya saki. Abin da ke tura kamfanoni wannan hanya har da dokar batura ta Tarayyar Turai ta 2023, wadda daga Fabrairun 2027 take neman mai kaya ya iya cire batirin na'urori da yawa ba tare da zafi ko sinadarin narkarwa ba, ko da yake an keɓe wasu.

Hajiya Likitar Haƙori:
Mu ma muna da namu. Idan za a cire rufin tangaran da aka manna a haƙori, a da sai an goge shi da inji ya lalace. Yanzu ana amfani da leza mai nanomita 2940, wadda ruwa yake shanyewa ƙwarai. Wani kaso nata yana ratsa tangaran, ɗan ruwan da ke cikin gam ɗin ya tafasa nan take, rufin ya ɗago sau da yawa bai fashe ba. Ana fesa ruwa a kai saboda ɓargon haƙori ba ya jure ƙarin ɗumin da ya wuce kimanin digiri 5 da rabi. Idan rufin yana da ƙarfe a ciki kuwa, hasken ba shi da hanya.

Ɗan Maraɗi:
To bari in kawo tawa matsalar. Faifan sola da suka mutu ko suka fashe sun fara taruwa a wurinmu. 'Yan gwangwan suna cire firam ɗin alminiyam da wayar tagulla, sauran kuma su yar ko su cinna masa wuta domin neman abin da ke ciki. Na gwada bulowa a kan wani fasasshe, ledar ta yi laushi tana jan zare amma ba ta saki gilashin ba. Shin haske yana da abin yi a nan?

Baƙon Penang:
Yana da shi, kuma faifan sola kamar domin wannan aka gina shi ba da niyya ba. Gilashin gaba garau ne, ledar EVA da ta manne komai ita ma garau ce, silikon ɗin da ke tsakiya kuwa aikinsa ke nan shanye haske, kuma kaurinsa bai kai maikiromita 200 ba. Dalilin da bulowarka ta kasa shi ne lokacin haɗa faifan ana gasa ledar a wajen digiri 150 har ta sarƙe, daga nan ba ta sake narkewa. Kamfanin Flaxres na Dresden a Jamus yana amfani da fitilu masu walƙiya mai tsananin ƙarfi: silikon ya yi zafi farat ɗaya, ledar da ke manne da shi ta ruɓe, gilashin kuma bai yi zafi sosai ba, sai shafukan su rabu. Kamfanin NPC na Japan kuwa wuƙa mai zafin wajen digiri 300 yake bi da ita tsakanin gilashi da leda. Duka biyun abin da suke nema shi ne gilashin ya fita da tsabta, domin shi ne kusan kashi 70 cikin ɗari na nauyin faifan, sannan a samu azurfar da ke jikin silikon.

Ka gaya wa masu ƙonawa su bari. Farar ledar baya a faifai da yawa tana ɗauke da sinadarin fulorin, hayaƙinta yana cin huhu, ga kuma dalmar da ke cikin lidin wayoyin.

Usta na Gareji:
Wannan injin walƙiya wutar da zai sha ba ta gareji ba ce, kuma ba zai biya kuɗinsa ba sai ana kawo masa faifai tirela-tirela. Mu da muke da su jefi-jefi daga Maraɗi zuwa Katsina, wa zai tara su?

Ɗan Maraɗi:
Masu tara ƙarfe sun riga sun san kowane ƙauye, Baba Usta, kuma duk abin da aka sa wa farashi za su kawo shi. Abin da zan fara yi a wurina shi ne in daina barin yara suna fasa waɗanda gilashinsu yake lafiya, in jingine su a inuwa bayan an cire firam, tunda wuƙar zafi ta fi son gilashin da bai farfashe ba. Baƙon Penang, idan faifan irin mai gilashi gaba da baya ne, wanda yanzu ya fara yawa a kasuwa, ta wane gefe ake haska walƙiyar?

Baƙon Penang:
Ta kowane gefe hasken zai isa ga silikon, tunda duka fuskokin biyu garau ne, kuma a wannan nau'in haske ya fi wuƙa dacewa, domin wuƙa tana buƙatar gefe ɗaya mai lanƙwasuwa da za ta ɗaga. Wurin da zai ba da wahala shi ne ratar da ke tsakanin ƙwayoyin silikon da kuma bakin faifan, inda gilashi yake manne da gilashi da leda zalla. A can babu abin da zai shanye hasken, sai ya shiga ta gaba ya fita ta baya, ledar tana nan riƙe, don haka dole a ƙarasa wannan ɓangaren da ɗumi ko da yanka.